Wane aiki ya kamata mai koyo ya fara da shi a kan injin sassaƙar ƙarfe?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Wata na huɗu ke nan ina koyon aiki a wani shago da ke da injin nan mai juya ƙarfe ana sassaƙa shi. Har yanzu aikina shara da miƙa kayan aiki, amma maigidana ya amince in riƙa taɓa injin da yamma idan aiki ya lafa. Ina neman shawarar magabata: me zan fara ƙerawa wanda zai koya mini hannu ba tare da na ɓata ƙarfe mai tsada ba? Akwai guntayen rodi da yawa a shagon, ko zan iya farawa da su?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka bar rodin gini tukuna, domin haɗin ƙarfensa ba ya tafiya daidai, wani wuri laushi wani wuri tauri, kuma tudun da ke jikinsa yana dukan bakin wuƙar injin da ke sassaƙa ƙarfen har ya dakushe ta. Ka nemi guntun alminiyam ko ƙarfe mai laushi mai kaurin milimita 25, ka yi masa hawa uku, wato ka rage kaurinsa mataki-mataki zuwa milimita 22, da 18, da 14, kowane hawa da tsawon da ka rubuta a takarda tun kafin ka kunna injin. Abin ba zai yi maka amfanin komai a gida ba, amma a cikinsa za ka koyi daidaita fuska, wato shafe ƙarshen ƙarfen ya miƙe, da rage kauri, da karanta ma'auni.

A nan ne za ka gane abin da ke kayar da kusan kowane mai koyo: idan wuƙa ta shiga rabin milimita, kaurin ƙarfen milimita ɗaya yake raguwa, saboda tana ci ta kowane gefe. Ka tabbata bakin wuƙar yana daidai da tsakiyar ƙarfen, in ba haka ba za ka ga ɗan tsiro ya rage a tsakiyar fuska. Ga ƙarfe mai laushi mai wannan kauri, da wuƙar da ake wasawa a dutse, juyi kusan 380 a minti ya isa. Kada kuma abin da ya fito daga bakin matsewa, wato inda injin ke riƙe ƙarfen, ya wuce ninki uku na kaurinsa, sai fa idan ka tokare ƙarshensa.

Makanikin Babur:
Ban ƙi ta Baba ba, sai dai ni na fi son yaro ya yi abin da zai shiga wani abu. Bayan hawa ukun nan, ka gwada bushin na tagulla, wato ɗan zoben da sandar ƙarfe ke juyawa a cikinsa, wanda dole ne raminsa da bayansa su yi daidai da inda zai zauna. Ranar da ka ga ya ƙi shiga ko yana lilo, ranar za ka fara girmama awo. Yanke tiredi da injin kuwa, wato zaren da ke jikin noti, ka jinkirta shi har hannunka ya faɗa.

Malamar Fasaha:
Kafin duk wannan, ɗan'uwa, akwai maganar lafiya. Makullin da ake ɗaure bakin matsewa da shi kada ya zauna a jikin injin ko na daƙiƙa ɗaya. Na taɓa ganin an kunna inji da shi, ya tashi ya fasa taga, kuma Allah ne ya kiyaye babu kowa a gabansa. Ka cire agogo da zobe, ka naɗe hannun riga, ka sa tabarau, kuma kada ka sa safar hannu, domin injin yana kama ta ya ja hannun gaba ɗaya. Tarkacen da ke fitowa kamar igiya yana yanka kamar reza, sai ka tsayar da injin sannan ka janye shi da ƙugiya.

Ɗan Koyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sami guntun alminiyam mai kaurin milimita 30. Baba, shin zan bar juyin a 380 ne, ko alminiyam yana buƙatar fiye da haka?

Tsohon Hannu:
Yana ɗaukar ninki biyu har fiye, amma ka fara a hankali. Ka ɗan ɗiga kananzir a bakin wuƙar don kada alminiyam ɗin ya manne mata.