"Sannu ba ta hana zuwa": har da sabuwar gwiwa?

Ɗan Auta: Jama'a ku raba mu gardama. Yau kwana 9 da aka canja wa Baba gwiwa. Likitan motsa jiki ya ce kullum ya riƙa lanƙwasa ta yana miƙewa, shi kuwa da an taɓa ƙafar sai ya ce "sannu ba ta hana zuwa." Na ce wannan karin magana ba wurinta ba ne, Yaya ta ce na raina shi. Tun jiya ko gaisuwata ba ta amsawa.

Mai Sanda: Ai Baba ya haɗiye rabin maganar ne. Ina "sai dai a daɗe ba a je ba"? Kuma mai sannu tafiya yake yi, ba kwanciya ba. Ni washegarin aikina aka tayar da ni tsaye, ina kuka ina takawa.

Uwar Biyu: Wadda ta dace a nan ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A makonnin farko tabon cikin gwiwa ke ƙanƙamewa. Gwiwar da ta ƙi kaiwa digiri 90 bayan mako 6 zuwa 12, wani lokaci sai an sa mutum barci an lanƙwasa ta da ƙarfi. Ga daskarewar jini a sharaɓa, da yawan kwanciya ke jawowa.

Tsohon Malami: A'a, ku bi dattijo a hankali. Sannu a bakinsa haƙuri ce. Kumburi kan yi watanni, cikakkiyar warkewa kan kai shekara. Ku yaran yanzu komai so kuke yau-yau.

Jikar Hajiya: Kun tuna min da kakata. Ita ƙugu aka canja mata. Kafin aikin mun naɗe duk wani kafet, muka ɗaga mata gado da mazaunin banɗaki, muka dawo da kayanta daidai hannu don kada ta sunkuya. Da aka kawo abin dogarawa mai ƙafa huɗu sai ta ce, "Ni da na koya wa uwarku tafiya za ku kawo wa keken tatata?" Ta ƙi shi ƙememe. Rannan da tsakar dare muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ashe sai kowa ya yi barci take ɗaukarsa ta zagaya ɗaki. Da safe ta rataya masa zani kamar ba ta san shi ba. Mako 6 ta koma sanda, kuma har ta rasu, Allah ya jiƙanta, cewa take haƙuri ne ya warkar da ita.

Tsohon Malami: Kun ji ko? Haƙuri!

Uwar Biyu: Haƙurin da ke yawo ƙarfe 2 na dare, Malam?

Ba Ruwana: Ku tambayi manyanmu sirrin. Gwiwarsu ba ta lanƙwasuwa sai shekarar zaɓe, har ƙasa suke durƙusawa. Ana rantsar da su ta sake ƙagewa, sai jirgi, sai asibitin waje.

Mai Sanda: Su ai sannunsu ta hana zuwa, titinmu shaida ne.

Ɗan Auta: Na karanta wa Baba duka. Bai ce komai ba, sai tambaya ya yi wai ƙarfe nawa muke barci. Yaya kuma ta ce wa ya aike ni kai zancen gida waje.