Muhawara: Ƙungiyoyin masana, talaka suke yi wa aiki ko kansu?

Malamin makaranta, Fantami: Assalamu alaikum. A ganina ƙungiyar likitoci ta NMA, wadda aka kafa tun 1951, da ta injiniyoyi ta NSE, ba su da wani tasiri a hidimar jama'a, domin ba ma jin ɗuriyarsu sai ranar yajin aiki ko taron shekara-shekara a otal.

Injiniya, Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Malam. Hukumar COREN da gwamnati ta kafa a 1970 ita ke da ikon yi wa injiniya rajista ko soke ta, ƙungiya kuwa shawara ce iyakarta. Idan muka ce kwalbatin da ake shirin ginawa ba zai ɗauki ruwan watan Agusta ba, mai ba da kwangila ya yi kunnen uwar shegu, laifin wane ne?

Malamin makaranta: To Injiniya, magidancin da zaizayar ƙasa ta cinye masa rabin katanga a bakin kwari, me shawarar da ta tsaya a takarda ta tsinana masa?

Ma'aikaciyar jinya, Kaltungo: Malam, ka zo wajenmu lokacin girbi, ka ga manomin da kububuwa ta sara, ƙafa a kumbure, jini na tsatstsafowa daga dasashinsa. Muna zuba jininsa a kwalba mai tsabta mu jira minti 20, in bai daskare ba mun san dafi ya kama shi. Wannan gwaji masana ne suka koyar da shi, kuma maganin saran maciji mai suna EchiTAb, da dafin macizan ƙasar nan aka haɗa shi, bisa haɗin gwiwar ma'aikatar lafiya ta tarayya da masu bincike na Ingila da Kosta Rika. Matsin lambar irinsu ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017.

Malamin makaranta: Hajiya, ban musa ba, amma waɗannan masu bincike ne, ni kuwa masu karɓar kuɗin mamba nake nufi.

Mai harhaɗa magunguna, Sabon Layi: Akasari mutanen ɗaya ne, Malam. Inda na goyi bayanka shi ne batun kasuwa: akwai maganin dafi da aka haɗa domin macizan Indiya wanda ba ya aiki sosai a kan kububuwarmu, kuma ƙungiyarmu ta PSN ce ya kamata ta riƙa shiga rediyo da Hausa tana gargaɗin jama'a tun kafin kaka ta kama.