Neman shawara kan sayen tsohon gida mai hawa uku a Worcester

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara 14 ke nan ina aikin jinya a Worcester da ke jihar Massachusetts ta Amurka, dare da rana, har jana'izar mahaifina ban samu halarta ba, kuma duk abin da na tara nake so in zuba a wani gidan katako mai hawa uku, irin waɗanda aka gina wa ma'aikatan masana'antu kafin 1930. An gyara shi, an bar matakalar asali, amma a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na ga tsofaffin wayoyin lantarki masu rufin ƙyalle a jikin ƙullayen tangaran. Niyyata in zauna a ƙasa, in ba da sama haya. Barci ya ƙaurace mini.

Alhaji daga Bronx: Ƙanena, kada ka yi jinkiri. Lamunin FHA, wato bashin sayen gida da hukumar gidaje ta gwamnatin Amurka take tsaya wa, yana karɓar kashi 3.5 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami idan sassan gidan ba su wuce 4 ba kuma kana zaune a ciki, ga kuma rangwamen haraji na kashi 20 ga gyaran gine-ginen tarihi.

Hajiya daga Lowell: Alhaji, rangwamen na wanda ya kashe kuɗin gyaran ne, a ginin da gwamnati ta tantance. Abin tsoro shi ne fentin dalma (dalma ce gubar da ta hallaka yara a Zamfara a 2010), domin dokar jihar Massachusetts ta wajabta cire shi ko rufe shi a gidan da aka gina kafin 1978 idan yaro ƙasa da shekara 6 zai zauna. Ni ɗan hayata ya yi wata 7 bai biya ba, ina zaryar kotu, hawan jini ya kama ni.

Malam: Ba wanda ya ambaci kuɗin ruwa, alhali shi ya kamata a fara tambaya.

Mai neman shawara: Hajiya, mai gidan ya tabbatar mini an yi komai, kuma mutum ne dattijo. Malam, na riga na biya kuɗin riƙe gidan.

Hajiya daga Lowell: Ya nuna maka takardar mai duba dalma?

Alhaji daga Bronx: Da irin wannan tsoron na bi, da har yau haya nake biya. Ka saya, wayoyi abin canzawa ne.

Mai neman shawara: Takardar dai bai ba ni ba tukuna, kuma ranar Juma'a wa'adin zai cika.