Neman kalma: faɗan jiragen ruwa a tafkin Tanganyika

Ɗan Rediyo: Salamu alaikum. Jama'a a agaza, gobe da safe zan naɗi shirin tarihi kan yaƙin duniya na ɗaya. Ingila ta kawo ƙananan jirage biyu masu inji, Mimi da Toutou, ta teku zuwa Cape Town, aka loda su a jirgin ƙasa, aka ja su da shanu da tarakta cikin dajin Kwango, sannan aka bi da su ta kogi da jirgin ƙasa har tafkin Tanganyika. Ranar 26 ga Disamba 1915 suka kama jirgin Jamus mai suna Kingani, a Fabrairun 1916 aka nutsar da wani jirgin Jamus, Hedwig von Wissmann. Me zan kira "naval battle"? Na rubuta yaƙin teku, sai na tuna babu teku a wurin.

Malama Mai Alli: Wa alaikumus salam. Yaƙin ruwa mana. Ba sojan ruwa muke cewa ba?

Bazazzagi: Malama, mai sauraro zai ɗauka rigima ce kan rijiya. Kuma yaƙi ai shi ne dukansa, 1914 zuwa 1918, wannan karo ne a cikinsa. Artabun jiragen ruwa.

Tsohon Hedimasta: Yaran zamani! Ina kuka kai manuwa? Haka muka taso muna kiran jirgin yaƙi. Ka ce karon manuwa.

Ɗan Rediyo: Baba, tsawon kowanne fa wajen mita 12 ne. In na ce manuwa an zalunci manuwa.

Zallar Hausa: Manuwa ma Turanci ne aka lanƙwasa. Ni na ce DAGAR TAFKI. Kakanninmu sun ja daga tun kafin Bature ya zo. Shekara nawa ina faɗa, harshe ba ya girma da bara.

Bazazzagi: To soja da inji fa, daga wace masarauta suka fito?

Ɗan Maraɗi: Kafin ku gama, mu tabki muke rubutawa. Ba komai ne sai Kano ta sa hannu ba.

Zallar Hausa: Dagar tabki ma ta yi.

Malama Mai Alli: Daga sahu ce a ƙasa, Malam. Bawan Allah nan fa gobe zai shiga situdiyo.

Ɗan Rediyo: Na gode. Edita ya ɗauki artabun jiragen ruwa. Saura ɗaya: babban jirgin Jamus Graf von Götzen, Jamusawa da kansu suka nutsar da shi kusa da Kigoma a Yulin 1916 don kada a kama shi, daga baya aka tsamo shi aka sa masa Liemba. Akwai kalma guda ga irin wannan nutsarwar?

Tsohon Hedimasta: Wannan kam manuwa ne, ko shi ma za ku hana ni?