Wai wanda ya yi kuturta yana warkewa?

Abban Sadiya: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Har yau ana fasa aure don an binciko kakan yarinya ya yi kuturta. Ba gadonta ake yi ba, ƙwayar cuta ce da wani likita mai suna Hansen ya gano a Norway tun 1873. Mutum ya sha magani ya warke, amma ana guje wa jikokinsa. Ƙyamar nan ce ke sa mai tabo ya ɓoye shi ƙarƙashin riga har jijiya ta mutu.

Malam Isa: Ya warke? Ranka ya daɗe, mutum ba yatsu ka ce ya warke?

Sista Hauwa: Allah gafarta Malam, mutuwar ƙwaya daban, nakasa daban. Magani uku ne: rifampicin sau ɗaya a wata a gaban ma'aikaci, dapsone da clofazimine kullum a gida. Wata 6 idan tabo bai wuce biyar ba, wata 12 idan ya wuce, kuma kyauta ne. Da ya fara sha ya daina yaɗawa. Yatsu kuwa ba cutar ke cinye su ba. Hannu ne ya daina jin zafi, sai ya ɗauki tukunya daga murhu ya ƙone bai sani ba, gyambo ya ci har ƙashi.

Malam Isa: To kin faɗa da bakinki, jijiyar ba ta dawowa.

Sista Hauwa: Tana iya dawowa idan an kama ta cikin wata shida aka ba da prednisolone, maganin rage kumburi. Ɓoyon ne ke cinye watannin.

Ɗan Bello: Ku ma'aikatan lafiya kuna da laifi. Clofazimine yana baƙanta fata, duk unguwa ta gane, shi ya sa wasu ke yar da magani a wata na uku. Kuna gaya musu launin zai koma bayan an gama?

Sista Hauwa: Kai ka taɓa zama a ɗakin bayani ne?

Malam Isa: A fiƙihun Malikiyya kuturta na cikin aibobin da ke ba da zaɓin raba aure, tare da hauka da albaras.

Maman Ummi: Malam, wannan a jikin miji ko mata ne. Wane littafi ya ce a jikin kaka?

Ɗan Bello: Goffman, masanin zamantakewa, ya yi bayanin wannan a 1963, ƙyama kan tsallaka zuwa ga dangin mai tabo. Kuma ware mutane a sansanonin kutare na mishan a Yadakunya da Amanawa da Babbar Ruga zamanin Turawa ya ƙara dasa ta.

Malam Isa: An fara kawo mana Bature. Kafin mishan ba mu da Sarkin Kutare?

Maman Ummi: Talauci ake gudu kawai. Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano.

Abban Sadiya: Ni fa maganar aure na kawo.

Shugaban zaure (Alhaji Garba): Na rufe. Abin da na fahimta: likitoci sun yarda jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta dawowa, don haka Malam Isa yana da gaskiya, bincike kafin aure ba laifi ba ne. Maganar Bature kuma a kai wani zauren.

Sista Hauwa: Alhaji, ba haka na ce ba.