Ina son shiga aikin koyarwa, ta ina zan fara?

Matashin Tawa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na samu BAC bana, ina zaune a Tawa, kuma aikin koyarwa nake so. Wasu sun ce in yi konkur, wato jarrabawar shiga, ta ENI, wasu sun ce in tafi Yamai ENS. Mene ne bambancinsu, wane shiri zan yi, kuma idan aka tura mutum ƙauye, wa ke sama da wa a lakwal? Allah ya saka da alheri.

Tsohon Mushe:
Wa alaikumus salam ɗana, ni tsohon malamin makaranta ne. Fara da tambayar kanka: yara ƙanana kake son koyarwa ko 'yan sakandare? Amsar ita za ta nuna maka ƙofa.

ENI ita ke horar da malaman firamare, daga CI (aji ɗaya) har CM2 (aji shida). Ta nan Tawa ita ce Kaocen, ta Yamai kuma Saadou Galadima, akwai irinsu a Maraɗi, Damagaram, Doso da sauran jihohi. Idan ka gama, takardar da za ka fita da ita sunanta CFEEN. ENS kuwa tana cikin Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Can ake horar da malaman sakandare, wato CEG da lise, da masu ba malamai shawara da sufetoci, kuma can mutum ke riƙe fanni guda, kamar lissafi ko Faransanci ko tarihi. Kada ka manta Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa ma tana da tsangayar ilimin koyarwa.

Sharuɗɗan shiga, wato shekaru da digirin da ake nema da ranar rufe karɓar dosiye, suna cikin sanarwar ma'aikatar ilimi ta shekarar. Je ofishin ilimi na jiha ka karanta da idonka, kada ka dogara da abin da aka yi wa wani shekaru biyar baya. Amma tun yanzu ka haɗa takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, kwafin diploma da aka buga wa hatimi, hotuna, takardar likita da kaziye, wato takardar kotu mai nuna ko an taɓa hukunta mutum. Kaziye ka bar shi sai sanarwa ta fito, don wata 3 kawai yake yi ya tashi aiki. Wani abin da ke kayar da dosiye shi ne saɓanin rubutun suna: takardar haihuwa ta ce Mahamadou, diploma ta ce Mamadou. Gyaran wannan yana cin makonni, saboda haka ka jera takardunka yau ka duba su harafi da harafi.

Shirin jarrabawar ENI kuwa, Faransanci da lissafi ne ginshiƙi. Masu BAC da yawa suna raina lissafin firamare, sai ga shi an ba su rabawa mai waƙafi ko canza hekta zuwa murabba'in mita sun tsaya. Nemi littafin CM2 ka bi shi daga farko har ƙarshe, kana yin dikte kullum wani na gyara maka. Ba wasa ba ne: a 2017 gwamnati ta yi wa malaman kwantaragi jarrabawar tantancewa a kan irin wannan ilimin, kuma da yawa sun rasa aikinsu.

Madan Darekta:
Baba ya gama da ƙofar shiga. Ƙanena, bari in faɗa maka abin da ke bayan ƙofar.

Ranar da takardar turawa ta fito, ka fara zuwa wajen sufeton yankin, daga nan sai lakwal ɗin. Darekta ne zai rubuta maka takardar kama aiki. Yi mata kwafi da yawa ka ajiye, don duk maganar kuɗinka da ƙidayar shekarun aikinka a kanta take. Wanda ya yi wata biyu yana koyarwa ba a rubuta masa ita ba, a wajen hukuma kamar bai zo ba ne. Ka kuma sani cewa fita daga ENI ba shi ne samun lambar ma'aikacin gwamnati ba. Galibi da kwantaragi ake farawa, kuɗin ya fi albashi ƙanƙanta kuma yakan yi jinkiri, don haka ka tafi da guzurin da zai riƙe ka watannin farko.

Tsarin shi ne: kai, sai darekta, sai mai ba da shawara na sashenku, sai sufeto, sai ofishin jiha, sai minista. Kowace takarda, ko neman izinin kwana biyu ne, ta hannun darekta take bi. Tsallake shi ka kai kuka wajen sufeto, za a mayar da kai, ka kuma ɓata zamanku na shekara guda. Mai ba da shawara ba ɗan sanda ba ne. Zai zauna bayan aji ya kalli darasinka, ya duba takardunka, sannan ku tattauna. Akwai kuma taron CAPED, inda malaman makarantu na kusa ke haɗuwa, ɗaya ya yi darasi sauran su gyara. Sabon malami ya fi kowa cin ribarsa, kada ka ɓoye a bayan aji ranar.

Takardun da za a tambaye ka: rajistar kiran suna, safe da yamma, jadawalin mako a manne a bango, rabon darussan wata, littafin abin da aka yi kowace rana, da fish, wato takardar shirin kowane darasi. Fish ɗin da daddare ake rubuta shi, ba da safe kan tebur yara na jira ba. Ya nuna abin da yaro zai iya yi a ƙarshen darasin, kayan da za ka yi amfani da su, abin da kai za ka yi, abin da su za su yi, da tambayoyin gwaji. Kuskuren sababbi shi ne su cika fish da maganarsu, gefen aikin yara babu komai. Irin wannan darasin malami ne kaɗai ke gajiya a cikinsa.

Sai mutanen gari. COGES ta haɗa iyaye da darekta, ita ke tara gudummawa, ta kafa rumfuna, ta gyara tebura. Ƙungiyar iyaye mata kuwa, idan yarinya ta daina zuwa saboda talla ko ana maganar yi mata aure, su ke iya shiga gidan da kai ba za ka iya shiga ba. Gaida maigari da limamin gari tun ranar farko. Kuɗin COGES kuma kada ka yarda su kwana a aljihunka, ko da an roƙe ka, akwai ma'aji don haka.

Matashin Tawa:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Madan. To idan aka ba ni CI, yaran ba su jin ko kalma ɗaya ta Faransanci, kuma sun kai tamanin, yaya ake yi?

Mai Horar da Malamai:
Tambayar da ta kamata ke nan, don sau da yawa sabon malami ake jefa wa CI, alhali shi ne aji mafi wuya. Yaron da ya wuce CP (aji biyu) bai iya karatu ba, da wuya ya kamo daga baya.

Fara da sanin harshen gidan kowane yaro. A Ader Hausa ce, amma idan aka kai ka wajen Abalak ko Cintabaraden za ka tarar da masu Tamajak da Fulatanci. Koyarwa da harshen gida ba sabon abu ba ne a Nijar, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram. Tambayi darekta ko lakwal ɗinku tana cikin tsarin harshe biyu. Idan tana ciki, sai ka koyi rubutun Hausa da kyau, da ɓ da ɗ da ƙ, don iya magana daban, iya rubutawa daban.

A Faransanci, sautukan da babu su a Hausa su ke ba da wahala. Yaro zai haɗa p da f, ya mayar da v ta zama b, ya faɗi u kamar i. Ba taurin kai ba ne, kunnensa bai saba ba. Sa shi ya ji bambancin tukuna: ya riƙe 'yar takarda gaban baki, ya kalli leɓɓanka, ya ɗaga hannu idan ya ji sautin. Sai kunne ya kama sannan a je ga harafi.

Darasin CI kada ya wuce minti 20 zuwa 30, a raba da waƙa ko motsa jiki. Yawan yara kuwa, ƙaramin allo ne maganinsa. Ka yi tambaya, ka ba su ɗan lokaci su yi tunani, ka buga tebur su rubuta, ka sake bugawa su ɗaga. Cikin daƙiƙa kaɗan ka ga amsar yara tamanin. Kada ka yaudari kanka da amsar baki ɗaya, yara goma na gaba ne ke faɗi, sauran na bin sauti. Kowane mako ka kira yara ɗaiɗai su karanta haruffa a gauraye, ba a jeren da suka haddace ba, ka ware waɗanda suka makale ka zauna da su. Lissafi kuma da tsakuwa da tsinken kara a ɗaure goma-goma, kowane yaro da nasa.

Ka yi la'akari da lokaci. Ana komawa a Oktoba ana cikin girbi, a ƙauye da yawa aji ba ya cika sai an gama kai hatsi rumbu, ga ranar kasuwa, ga zafin Afrilu da Mayu. Don haka abu mai nauyi ka tura shi tsakanin Nuwamba da Maris.

Idan ajin zana aka ba ka, wannan ka riƙe shi da muhimmanci. Gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a Afrilun 2021 da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar sun ci rayukan yara ƙanana da dama. Ka nemi COGES ta bar ƙofa biyu, a bar fili tsakanin rumfa da rumfa, masu tuya su yi nisa da zana, kuma ka koya wa yaran yadda za su fita a jere tun makon farko.

Tsohon Mushe:
Ƙari ɗaya ɗana. Kafin konkur, roƙi wani darekta a nan Tawa ya bar ka ka zauna bayan ajin CI da na CM2 na mako guda, da littafi a hannunka. Rubuta yadda malamin ke buɗe darasi, minti nawa yake magana, da abin da yake yi idan aji ya rikice. Lokacin koyon aiki na ENI zai zo maka da sauƙi. Bulala kuma ma'aikatar ilimi ta hana, kada wani ya ce maka sai da ita ake riƙe aji.