Ruwan majemun Kano: ta ina kasuwa ta gaza?

Ɗan Minjibir:
Assalamu alaikum. Malamai, ina neman ƙarin haske. An ce kasuwa ita ke daidaita kanta, kaya in ya yi tsada a ja baya, in ya yi araha a yi rububi. To ga kamfanonin jima a Bompai, Sharaɗa da Challawa, suna kai fatar awaki da tumaki har Italiya da Sifaniya, mai saye ya gamsu, mai sayarwa ya gamsu. Me ya sa masana ke kawo su a misalin gazawar kasuwa? Kuma in ruwan da suke saki ne matsalar, me zai hana su zauna da manoman bakin rafi a sasanta?

Malam Na Tattali:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ƙirga mutum biyu a cinikin, alhali su uku ne. Na ukun ba a yi taro da shi ba, amma shi ke cika kuɗin.

Ruwan Bompai yana bin rafin Getsi ya faɗa Jakara, ya zarce dam ɗin Wasai. Na Sharaɗa da Challawa yana ƙarewa a kogin Challawa, wanda ke haɗuwa da kogin Kano wajen Tamburawa, inda matatar ruwan sha take. Duk wanda gishiri ya cinye masa fadama, ko kifi ya yi masa ƙaranci, ko rijiyarsa ta canja ɗanɗano, ya biya wani kaso na kuɗin jimar fatar nan ba tare da ya sani ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A ƙaddara jimar fata ɗaya na cin naira 100 a littafin kamfani, ɓarnar da ta bari a rafi kuma ta kai naira 20. In an sayar 110, akawu zai rubuta ribar 10, amma in aka sa ɓarnar a lissafi, gari ya yi asarar 10. Farashi ya yi ƙarya ke nan, kuma da ƙaryar ake yanke shawarar yawan fatar da za a jeme. Tun 1920 masanin tattalin arziki Arthur Pigou ya ce a ɗora wa mai ɓarna haraji daidai da ɓarnarsa. Kada kuma ka ɗauka mugunta ce kawai: kamfanin da ya tace ruwansa shi kaɗai, fatarsa za ta fi ta maƙwabcinsa tsada, mai saye ya bar shi.

Injiniyan Fata:
Malam ya yi bayani, amma a raba ruwan nan, don ba duka ne ya fi ƙarfin kasuwa ba.

Tan ɗaya na ɗanyar fata mai gishiri kan sha lita 30,000 zuwa 40,000 na ruwa, abin da ke fitowa jemamme kuma bai cika wuce kilo 200 zuwa 250 ba. Ruwan iri uku ne masu damuwa. Akwai na jiƙo, mai ɗauke da gishirin da aka adana fatar da shi. Akwai na cire gashi, mai farar ƙasa da sinadarin salfayid. Sai na jimar kanta, mai sinadarin kuromiyom, wanda ke mayar da fata shuɗi-shuɗi.

Garin kuromiyom ana zuba kusan kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyin fatar, ita kuma takan sha kashi 60 zuwa 70 ne kawai na abin da aka zuba. Sauran kwata yake bi, kuma kaya ne da aka sayo da dala. Ruwan da ke ɗauke da shi ɗan kaɗan ne, don haka in an ja masa bututunsa daban zuwa tanki, aikin ba wuya: a zuba garin magnisiyom oksayid ana juyawa har ma'aunin tsami na pH ya kai wajen 8, a bari ya kwana, a tsiyaye ruwan sama, a narkar da laka da asid irin na ruwan batir har ma'aunin ya sauko ƙasa da 3, a mayar cikin gangar jima a gauraya da sabon gari. Wannan yana mayar da kuɗinsa da kansa.

Inda ake kwafsawa shi ne haɗa kwata ɗaya. Ruwan kuromiyom mai tsami ne, in ya gamu da na salfayid sai iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ta tashi, wadda kan kashe leburan da ya shiga yashe rami. Kuma da zarar kuromiyom ya tsarwatsu cikin lita dubbai, tattaro shi ya zama asara. Sannan masu ƙona yankakken fata a bola su sani, wuta na juya kuromiyom zuwa nau'in da ke jawo ciwon daji.

Salfayid kuwa sai an yi sa'o'i ana hura masa iska da injin, ga tsadar dizal, kuma ba abin da zai dawo aljihun kamfani. Gishiri ya fi shi taurin kai, tacewa ta yau da kullum ba ta cire shi, dabarar mai araha ita ce a kakkaɓe fatar sosai kafin a jiƙa. A waɗannan biyun ne kasuwa ta gaza da gaske.

Barista Hajiya:
Ɗan Minjibir, batun sasantawa ba kai ka fara shi ba, masanin tattalin arziki Ronald Coase ya kawo shi a 1960. Yana aiki in mutanen kaɗan ne kuma an san haƙƙin kowa, kamar mai injin niƙa da maƙwabcinsa a gaban mai unguwa. A nan kamfanoni da yawa ke zuba a kwata guda, ga ruwan gidaje da na masu rini a ciki. Wa za ka kama? Manoman ma bakinsu ba ɗaya ba ne, don ruwan Jakara ba ya ƙafewa da rani kuma kyauta ne, da shi ake ban ruwan latas, kabeji da alayyafo. Mai cin salak a cikin gari ba shi da wakili a zaman.

Doka ba ita muka rasa ba. An kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, a 2007, a 2009 aka fitar da ƙa'idojin masana'antun fata da na saƙa. Amma in tara ta yi ƙasa da kuɗin dizal ɗin matatar ruwa, ɗan kasuwa zai biya tara ya kashe injin. A Indiya sai da kotun ƙoli ta shiga a 1996, kan majemun da suka lalata kogin Palar, ta ce mai ɓarna shi zai biya diyya da kuɗin gyara.

Ɗan Minjibir:
Allah ya saka da alheri. To a kwashe su daga gari mana, a huta?

Barista Hajiya:
Bangladesh ta gwada. A 2017 ta tashi majemun unguwar Hazaribagh da ke birnin Dhaka zuwa Savar a bayan gari tun babbar matatar da aka gina musu ba ta kankama ba, sai dattin ya bar kogin Buriganga ya koma Dhaleshwari. Matatar ruwa guda ta haɗaka ita ce ta dace da kamfanonin da ke rukuni ɗaya, amma a sa mita a bututun kowa, a caje shi bisa yawan ruwansa da nauyin dattin ciki. In aka raba kuɗin daidai wa daida, mai tsafta ne zai riƙa biya wa ƙazami. A kuma ɗebi ruwan gwaji da daddare ba tare da sanarwa ba, a bakin kwatar waje, ba a famfon da manaja ya nuna ba.